Yadda za ka karɓo takarda daga ofishin gwamnati, kuma ka tabbatar sun ƙirga da kai a rahotonsu na shekara

Da zafin nan na bazara, wanda duk mutumin Sakkwato ya san ko kwano ka aje a rana sai ya ƙona maka hannu, muna zaune gindin dogonyaro bayan la'asar nan unguwarmu ta Mabera ana ta maganar bohol mai sola da anka zo anka kafa allo, anka tona rami, anka aza ƙarfen tanki, daga nan kowa ya kama gabansa, ga 'yan garuwa kuma sun ƙara kuɗin jarka. Kowa da nashi labari. Wani ya ce ɗan kwangila ya cinye, wani ya ce a'a shi ma ba a biya shi ba, wani ya ce ai daga sama anka karkatar. Kawuna da ya yi shekara talatin da wani abu a rajista, ofishin da ke karɓa da ajiye wasiƙun hukuma, kafin ya yi ritaya yana gefe yana jan carbi bai ce uffan ba sai da munka gaji, sannan ya ce, "Ku yara kuna ɓata yawunku banza. Ofis ba shi jin magana, takarda shika ji, ita ma sai wadda anka buga ma hatimi."

Daga wagga magana ta Kawu na fara bin abin, kuma abin da zan jera a nan hanyar da munka bi ce har takarda ta fito, da kurakuran da na yi a tsakani don kar ka maimaita su.

Dokar da za ka tsaya a kanta ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda a ofis za ka ji ana ce mata FOI kawai. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu ranar 28 ga Mayun 2011, bayan ta daɗe tana yawo a majalisa tun 1999, har majalisa ta taɓa amincewa da ita a ƙarshen mulkin Obasanjo bai sa hannu ba. Abin da ta ce a sashe na 1 shi ne kowa na da damar neman bayani ko takarda da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba dole ba ne ka faɗi dalilin da ya sa kake so. Riƙe wannan da kyau don tambayar farko da za a yi maka kenan, "mi za ka yi da ita?" Kana iya amsawa cikin ladabi in ka ga dama, amma doka ba ta ɗora maka ba. Kuma ba ma'aikatu kaɗai ta shafa ba, har kamfani mai zaman kansa in dai da kuɗin gwamnati yake aiki ko aikin jama'a yake yi ya shiga ciki.

Shekaru da dama jihohi na fakewa da cewa ai dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba sai majalisar jiha ta yi tata, kotunan ɗaukaka ƙara ma sun saɓa wa juna a kai. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo kan hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar, ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. To yanzu ko ma'aikatar jiha ce ko ɗaya daga ƙananan hukumominmu 23, daga Illela har Kebbe, kana da hujjar rubuta musu. Sai dai kar ka yi mamaki in ka tarar akawun da ke karɓar wasiƙa bai taɓa jin labarin hukuncin ba.

Mataki na farko: gano wa ke riƙe da fayil ɗin

Mutane da yawa nan suke faɗuwa tun ba a fara ba. Aikin yana unguwarku sai ka ɗauka na ƙaramar hukuma ne ko na jiha, alhali na tarayya ne da ɗan majalisa ya saka a kasafi, kuma irin waɗanga ayyukan mazaɓa sau da yawa za ka ga an liƙa su a ƙarƙashin wata hukuma da ko kusa ba ta da alaƙa da aikin, kwalejin bincike tana gina bohol, cibiyar horaswa tana rabon keken ɗinki. Don haka je ka ɗauki hoton allon aikin tun kafin rana ta cinye fentin. A jikinsa akwai sunan hukumar da ta ba da aiki, sunan kamfanin, wani lokaci da lambar kwangila. Sannan ka duba kasafin kuɗin wannan shekarar, ofishin kasafin kuɗi na tarayya na saka shi a intanet, ka nemo layin aikin ka kwafe shi yadda yake harafi da harafi tare da lambarsa. Masu Tracka na ƙungiyar BudgIT ma suna bin irin waɗanga ayyuka, jerinsu na taimakawa.

In ka yi kuskure ka kai wa ofishin da ba shi ne ba, doka ta ce su tura wa wanda ya fi kusa da maganar cikin kwana 3, kar ya wuce 7, kuma su sanar da kai a rubuce. A takarda kenan. A zahiri gara ka dace tun farko.

Mataki na biyu: nemi rahotonsu na shekara kafin ka rubuta komai

Wanga shi ne wurin da kusan ba wanda ke kulawa da shi kuma ni a ganina shi ne ƙashin bayan dokar gaba ɗaya. Sashe na 29 ya wajabta wa kowace hukuma ta miƙa wa Antoni Janar na Tarayya rahoto duk shekara, ranar 1 ga Fabrairu ko kafin nan, kan yadda ta tafiyar da wagga doka a shekarar da ta wuce. Ba rahoton "mun yi ƙoƙari" ba, lissafi ne. Buƙatu nawa sunka shigo, nawa anka amsa, nawa anka hana da dalilin hanawa, mutum nawa sunka kai ƙara da yadda ta ƙare, ko kotu ta goyi bayan hanawar ko ta rushe, buƙatu nawa ne ke kwance ba a taɓa ba har zuwa ranar 31 ga Oktoba da tsawon kwanakin da sunka yi a kwance, kwana nawa suke ɗauka kafin su amsa, kuɗi nawa sunka karɓa hannun masu nema, ma'aikaci nawa sunka ware wa aikin da abin da sunka kashe. Kuma ba Antoni Janar kaɗai za su ba, dole su fitar da shi jama'a su gani har ta intanet. Shi kuma Antoni Janar ya tattara ya saka wuri ɗaya, sannan ya kai nashi rahoton Majalisar Tarayya zuwa 1 ga Afrilu, da jerin shari'o'in da anka yi a kan dokar da yadda kowace ta ƙare. Akwai sashen FOI a Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya a Abuja da ke karɓar waɗanga rahotanni.

Mi rahoton zai amfane ka da shi kai da ke neman takardar bohol? Abu uku na gani. Na ɗaya, yana nuna maka irin mutanen da za ka yi hulɗa da su. Hukumar da ta rubuta ta karɓi buƙatu da yawa ta amsa mafi yawa tana da wanda ya san aikin, wasiƙa ɗaya ta isa. Wadda ta rubuta sifili a ko'ina, ba buƙata ba ma'aikaci ba kuɗi, ko dai ba wanda ya taɓa tambayarsu ko kuma ana tambaya ba a rubutawa, ka shirya zirga-zirga. Na biyu, ka ga irin dalilin da sunka saba fakewa da shi, in kullum "sirrin kasuwancin wani" suke cewa to ka tsara tambayarka ta kauce wa wannan ramin. Na uku shi ne wanda ya fi daɗi, rahoton kan sa wasiƙarka ta zama lamba da dole wani ya zauna ya rubuta ta a wani gurbi, ko gurbin "an amsa" ko "an hana" ko "tana kwance", kuma ba darakta da ke son sunan ofishinsa ya je Abuja da gurbi na uku a cike.

Wajen karanta kwanakin ka lura, doka ba jimla a raba ta nema ba, na tsakiya ta nema. Wato a jera kwanakin da kowace buƙata ta ɗauka daga ƙarami zuwa babba a ɗauko wanda ya faɗo tsakiyar layi. In an amsa buƙatu biyar a kwana 4, 6, 7, 30 da 90, abin da za a rubuta 7 ne, ka ga mutum biyu da sunka sha jira sun ɓace a ciki. Shi ya sa nake haɗa wanga layi da na buƙatun da ke kwance kafin in yaba wa kowa.

Gaskiyar da ba daɗi ita ce mafi yawan hukumomi ba sa miƙa rahoton ma sam, ƙungiyoyi irin su Media Rights Agenda, waɗanda da su anka yi gwagwarmayar dokar tun farko, sun daɗe suna kuka a kan haka. To in ka duba shafin hukumar ba ka gani ba, ba ka yi asara ba. Rahoton kansa takarda ce ta gwamnati, sai ka saka shi cikin abin da kake nema: a ba ni kwafin rahoton da kunka miƙa wa Antoni Janar a ƙarƙashin sashe na 29 na shekara kaza, da shaidar ranar da kunka miƙa. In ba su miƙa ba sai su rubuta maka da hannunsu cewa ba su miƙa ba, wannan ma amsa ce mai amfani.

Mataki na uku: rubuta wasiƙar

Wasiƙata ta farko shafi biyu ce cike da ƙorafi, na kawo wahalar ruwa, na kawo mata da yara, na kawo tsoron Allah. Kawu ya karanta ya miƙo min ya ce, "Wagga huɗuba ce ɗana. Mi kaka so su ɗauko maka cikin kabad?" Nan na gane. Ba ra'ayinsu kake nema ba, ba bayanin baki ba, takarda kake nema wadda tana nan a ajiye. Kar ka tambayi "me ya sa ba a gama aikin ba", ka nemi abin da za a iya ɗorawa kan injin fotokofi.

Ta biyu rabin shafi ce. A sama kwanan wata, sunan shugaban hukumar da muƙaminsa, in sun bayyana jami'in da ke kula da FOI sai ka ce ta hannunsa, don doka ta ce kowace hukuma ta wallafa muƙami da adireshin wanda ake kai wa. Kan magana ka rubuta ƙarara cewa buƙata ce a ƙarƙashin dokar FOI ta 2011, wannan layin shi ke raba ta da tarin wasiƙun neman taimako da ke jibge a tire. Sannan ka jera abin da kake so da lamba ɗaya biyu uku. Mu mun nemi takardar ba da kwangilar, jerin kayan aiki da farashinsu, takardun biyan kuɗi da ranakun da anka biya, rahoton injiniyan da ya duba aikin, da takardar kammalawa in har an bayar. Ka saka sunan aikin yadda yake a kasafi, shekara, da wuri. Ka faɗi yadda kake son a ba ka, kwafin takarda ko ta imel. Ka rufe da cewa kana sa ran amsa cikin kwana 7 kamar yadda sashe na 4 ya tanada, kuma a shirye kake ka biya kuɗin kwafi. Suna, lambar waya, sa hannu, shi kenan.

Kar ka nemi duniya a wasiƙa ɗaya. "Duk kwangilolin da kunka bayar tun 2015" ƙofa ce ka buɗe musu su ce aikin ya yi yawa. Gara wasiƙa uku ƙanana da ɗaya ƙatuwa.

Da Turanci ya fi sauƙi tunda da shi fayil ke tafiya, amma wanda bai iya rubutu ba ko mai lalura doka ba ta bar shi a baya ba, sashe na 3 ya ce wani na iya nema a madadinsa, kuma in da baki ka zo ka faɗa, jami'in ne zai rubuta ya ba ka kwafi. Ni dai shawarata ko da hakan ka samu ɗalibi a unguwa ya rubuta maka ka tahi da abinka a hannu.

Mataki na huɗu: hatimi

Buga kwafi biyu, uku ma in da hali. Ka kai rajista ko ofishin shugaban hukumar da safe kafin sha biyu, ranar Litinin zuwa Laraba, kar ka kai Juma'a. Ka ba da ɗaya, ɗayan a buga maka hatimin "an karɓa" da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Kar ka fito sai da shi.

Karon farko ni na fito ba shi. Wani bawan Allah a bakin tebur ya karɓa da fara'a ya ce, "Ba komai Malam, aje nan, mai hatimin ya tahi salla, in oga ya shigo zan ba shi da kaina." Na yi godiya har da addu'a. Bayan mako biyu na koma ba wanda ya taɓa ganin wasiƙa, shi ma mai fara'ar ba shi nan. Karo na biyu na tahi da ruwan leda biyu na zauna kan benci kusan awa biyu ina kallon fanka tana juyi ba iska, har wata baiwar Allah ta fito da ɗan akwatin tawada da ya bushe ta ɗiga masa ruwa ta buga, kwanan watan ma da biro ta gyara shi. Kafin in kai bakin get na ɗauki hotonta a waya na tura wa mutum uku.

In hukumar a Abuja take ba ta da ofis nan, aika ta kamfanin kai saƙo da ke ba da rasit da shaidar isarwa, ka kuma tura ta imel ɗinsu rana ɗaya, ka adana duka. Ba a biyan kuɗin fom ko kuɗin "buɗe fayil", sashe na 8 ya taƙaita abin da za a caje ka ga kuɗin kwafi da na juya magana zuwa rubutu, kuma ka nemi rasit.

Mataki na biyar: ƙirga kwana, ka san irin amsar da ta zo

Kwana 7 gare su daga ranar da sunka karɓa. Suna iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba in takardun na da yawa ko sai sun tuntuɓi wani, amma sai sun sanar da kai a rubuce. In sun hana, dole su rubuta dalili su kuma ambaci sashen dokar da sunka dogara da shi. In kuma sun yi shiru har wa'adi ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa, kuma daga nan agogonka na zuwa kotu ya fara, kwana 30 ne. Nan ne ake yaudarar mutane, a yi ta ce maka "dawo jibi, fayil na teburin oga" har wata ya shige. Alƙali na iya ƙara maka lokaci amma kar ka dogara da haka.

Mu shiru munka samu. Rana ta tara na kai wasiƙar tuni, layi biyar, na liƙa kwafin mai hatimi, na ce wa'adi ya cika, na tuna musu cewa wagga buƙata na cikin abin da za su lissafa a rahotonsu na sashe na 29, a ƙasa na nuna na aika kwafi ga sashen FOI na Ma'aikatar Shari'a. Ban zagi kowa ba ban yi barazana ba. Cikin satin anka kira ni a waya, murya ta canza, "Ranka shi daɗe kana iya zuwa gobe?" Ba duka munka samu ba, rahoton injiniya sun ce babu shi a fayil, amma takardar kwangila da ta biyan kuɗi sun fito, kuma su kaɗai sun kashe rabin jita-jitar gindin dogonyaro.

In hanawa ce a rubuce, duba dalilin. Doka ta yarda a hana abin da zai cutar da tsaron ƙasa ko hulɗa da ƙasashen waje, binciken laifi da ake kan yi, bayanan sirrin mutum, sirrin kasuwanci, abin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa ko likita da majiyyaci, tambayoyin jarrabawa da makamantansu. Amma da yawa cikinsu na da sharaɗin cewa in amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar to a bayar. Kuma sashe na 18 ya ce in wani ɓangare ne kawai ke da matsala a cire shi a ba ka saura, ba a hana ka shafi ashirin saboda layi biyu. Shi kuma jan hatimin nan na "sirri" da ake bugawa a bayan fayil, sashe na 28 ya ce shi kaɗai bai isa hujjar hanawa ba, sai an nuna a wane gurbin doka abin ya faɗa.

Kotu kuwa, Babbar Kotun Tarayya da ke nan Sakkwato ko babbar kotun jiha, lauya zai faɗa maka wadda ta dace da hukumar da kake ƙara. Abin da zai ƙarfafa maka gwiwa, hukumar ce za ta tabbatar wa alƙali tana da hujjar hanawa, ba kai za ka tabbatar kana da haƙƙi ba. In an samu hanawar ba bisa ƙa'ida ba ce akwai tarar naira 500,000, wadda a 2011 kuɗi ce, yanzu kam ba ta tsorata kowa, amma wanda ya lalata ko ya sauya takarda da gangan ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. In ba ka da kuɗin lauya ku haɗu a ƙungiyance, ko ka tuntuɓi ƙungiyoyin da ke bin irin waɗanga shari'o'i.

Ɗaya gefen: sirrin mutane, har da naka

A takardun da anka ba mu an shafe lambar waya da lambar asusun bankin mai kamfanin da baƙar tawada. Wani cikinmu ya taso wai ɓoye-ɓoye ne, ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Sashe na 14 ya hana a ba ka fayil ɗin majiyyaci, na ɗalibi, fayil ɗin ma'aikaci na kashin kansa, bayanan harajin mutum, ko sunan wanda ya kai tsegumin laifi, sai in mai abin ya yarda, ko dama abin a fili yake, ko amfanin jama'a ya rinjaya ƙarara. Don haka FOI ba hanyar leƙen fayil ɗin kishiya ko maƙwabci ba ce. Amma kar a rikita ka, sunayen ma'aikatan hukuma da muƙamansu da albashinsu da ranar da anka ɗauke su aiki suna cikin abin da sashe na 2 ya ce hukuma ta wallafa da kanta ko ba a tambaya ba, haka kuɗin da ta karɓa da wanda ta kashe.

In kuma bayananka ne kai kanka ake wasa da su, wata dokar ce daban, Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, a ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Kafin ita akwai ƙa'idar da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta fitar a 2019, kuma tushen duka sashe na 37 ne na kundin tsarin mulki da ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar ta 2023 ta hau kan gwamnati da 'yan kasuwa duka, banki, asibiti, makaranta, kamfanin waya, manhajojin ba da bashi ɗin nan da ke tura wa duk mutanen wayarka saƙon cin mutunci. Ni abin da ya farkar da ni ƙosai ne. Na saya da safe an naɗe min a takarda, ina warwarewa sai ga fom na wata mata, sunanta, lambar NIN, lambar waya, har da gurbin hoto da mai ya jiƙa. Daga wani ofis ko shagon fotokofi ya fito anka sayar a kilo.

Hanyar kusan iri ɗaya ce. Ka rubuta wa wurin, ta hannun jami'in kare bayanai in suna da shi, manyan wurare doka ta ce su naɗa. A ƙarƙashin sashe na 34 na dokar kare bayanan kana da damar tambaya ko suna riƙe da bayananka, waɗanne ne, don mi, wa sunka ba, har yaushe za su riƙe, kuma in ba kai ka ba su ba daga ina sunka samo. Kana iya neman kwafi, ka sa a gyara kuskure, ko a goge in ba sauran hujjar riƙewa, kana kuma iya janye yardar da ka bayar ko ka ce a daina turo maka talla. Nan ma hatimi ko shaidar imel. In sun yi biris sai ka kai ƙorafi NDPC da kwafin komai, hoton saƙonni, ranaku, lambar da anka kira ka da ita.

Su ma akwai rahoton da ke kansu. In bayanan mutane sunka fita ko anka yi kutse kuma abin na iya cutarwa, awa 72 gare su su sanar da NDPC daga lokacin da sunka sani, in haɗarin babba ne kai ma dole su sanar da kai. Manyan masu riƙe bayanai kuma suna miƙa rahoton binciken bin ƙa'ida duk shekara cikin watan Maris. Tarar nan ta fi ta FOI cizo nesa ba kusa ba, ga manya tana kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga ƙanana miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Kuma in wurin na gwamnati ne kana iya haɗa dokokin biyu, ka yi amfani da FOI ka tambaye su ko sun naɗa jami'in kare bayanai, ko sun miƙa rahoton Maris, da sau nawa sunka kai rahoton fitar bayanai.

Mataki na ƙarshe: Fabrairu

Duk abin da ka tara, wasiƙa mai hatimi, ta tuni, rasit, amsar da anka ba ka, saka su a fayil ɗaya ka rubuta ranaku a bangonsa, ranar kai wa, ranar cikar wa'adi, ranar da amsa ta zo. Namu yana cikin leda a akwatin Kawu don shi ya ce bai yarda da ajiyar yara ba. In Fabrairu ta kama, bar su su yi sati ɗaya, sannan ka duba shafinsu, in babu ka rubuta sabuwar wasiƙa ta layi uku kana neman rahoton sashe na 29 na shekarar da ka yi hulɗa da su. Ka buɗe layin buƙatun da sunka shigo. In sun rubuta sifili alhali kana riƙe da hatiminsu da kwanan wata, ka kwafi shafin ka haɗa da taka wasiƙar ka aika wa sashen FOI na Ma'aikatar Shari'a da ɗan bayani gajere cewa lissafin bai cika ba. In sun ƙirga da kai, duba layin kwanaki ka gwada da abin da ke bangon fayil ɗinka. Tamu ta ɗauki kwana goma sha wani abu, na rubuta a bango da jan biro, kuma wasiƙar Fabrairun tana nan a waya na riga na buga ta, kwanan wata kawai ya rage in saka.